Haƙurin da Mama Ta Manta

"Ba zan hau ba," in ji Mama. "Buhun hatsi ce ni da za a ɗora ni a kan sikeli?"

Nas ɗin ta sake miƙo hannu za ta kama ta, Mama ta make hannun. Mutanen da ke zaune a dogon bencin asibitin suka juyo gaba ɗaya. Wani tsoho mai naɗaɗɗiyar ƙafa ya yi dariya har da tari.

"Ki yi haƙuri, 'yar'uwa," Yaya ta ce wa nas ɗin a hankali. "Da can ba haka take ba."

"Kowa haka yake faɗa. Ku shiga da ita haka nan."

Yaya ta ɗauko takalmin Mama da ya fice, ta durƙusa ta sa mata. Da ta zo miƙewa sai da ta dafa bango. Guga take yi a wani shagon wanki, a tsaye tun safe har yamma, kuma yau ɗin ma da ƙyar mai shagon ya yarda ta shigo da rana. Ita ce 'yar fari, shi ya sa aka fara ce mata Yaya, sunan kuwa ya bi ta. Mama Yaya take ce mata, fasto ma haka, mijinta ma haka ya kira ta har ya koma ga Ubangiji. Ko 'yar da ta haifa da cikinta Yaya take ce mata.

'Yar tana tsaye a bayansu, rungume da jakar kayan Mama. Malama ake kiranta tun tana ƙarama, saboda tara kajin maƙwabta da take yi, da tsinke a hannu, wai tana koya musu ƙirga. Ga shi kuwa kwalejin horon malamai ta ɗauke ta, mako mai zuwa za a buɗe.

Likitar mace ce mai furfura a goshi. Ta nuna Yaya da biro.

"Mama, wace ce wannan?"

Mama ta ƙare mata kallo. "Mai aikina ce. Ba ta da fara'a, amma tana da ƙoƙari."

Malama ta toshe baki. Yaya ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ji zafi ba. Ta riga ta wuce nan.

"Mantuwar ƙaruwa za ta yi ta yi," in ji likita. "Magani kuwa, firgita kawai zai rage mata. Kada a bar ta ita kaɗai ko na ɗan lokaci, masu irin wannan ciwon sukan buɗe ƙofa su kama hanya. Wa ke kwana da ita?"

"Ni."

"Da rana fa?"

"Yarinyata."

"Ranar da ke kika kwanta fa?"

"Mun gode Allah, likita."

Likita ta zare tabarau. "Ban ce kada ki gode ba. Tambayarki na yi. Miƙo hannunki."

"Ai ba ni na zo ba."

"Miƙo dai."

Ta ɗaura mata abin awo, ta matsa, ta duba, ta sake matsawa. Jinin Yaya ya fi na Mama hawa. Likita ta rubuta mata nata maganin, ta ce ta riƙa hutawa. Yaya ta ce to. Irin wannan to ɗin ba ya cin komai, ta daɗe tana raba shi.

A baranda, wajen layin karɓar magani, Malama ta gyara wa Mama ɗankwali, ba ta ɗago kai ba ta ce, "Yaya, na yi tunani. Ba zan tafi bana ba."

"Ba za ki tafi ina ba?"

"Kwalejin. Ai kin ji abin da likita ta ce. Makaranta ba guduwa za ta yi ba. Allah ya san abin da yake yi."

Abin da Yaya ta fara ji shi ne sauƙi, kamar an sauke mata tulu daga ka. Sai da sauƙin ya gama ratsa ta sannan kunya ta biyo. Ta ɗago ta dubi 'yarta, ta tarar tana murmushi, leɓe a haɗe, ido a bushe, haɓa a ɗan ɗage. Ta san wannan murmushin. Ba ita ta koya mata ba, ko kuwa ita ce, ba ta sani ba.

Shi ne murmushin da Mama take yi a da, ranar Lahadi da safe, idan ta jawo ɗankwali ta rufe gefen idon da ya kumbura, ta ce da ƙofa ta yi karo. Baba dattijo ne a coci, mai muryar da in ya yi addu'a har mata suke share hawaye. A gida kuwa hannunsa ya fi bakinsa sauri. Mama ba ta taɓa kai ƙara ba, ko ga fasto, ko ga danginta. Ita ma gadon haƙurin ta yi. Uwarta, wadda kowa ke ce wa Tsohuwa, da ciki ta ɗebi duwatsun da aka kafa harsashin cocinsu, bayan miji ya tafi neman aiki bai sake waiwayowa ba, kuma ba wanda ya taɓa jin ta ce wayyo. A cocin har yau in ana so a kunyata mace mai ƙorafi, matan gidansu ake nuna mata.

Haka Yaya ta tashi. In ta faɗi ta fasa gwiwa, Mama ta ce, "Me kika rasa? Share hawayen, ki gode ba ƙafar ce ta karye ba." In suka durƙusa addu'a, godiya ce daga farko har amin. Ta gode da ta bar makaranta don ta riƙe ƙanne. Ta gode a bakin kabarin mijinta, har matar fasto ta ba da misali da ita a taron zumuntar mata. Har yanzu tana durƙusawa safe da yamma, kalmomin suna fitowa a jere kamar rigunan da ta goge, a miƙe, ba kowa a cikinsu.

"Za mu yi magana a gida," ta ce wa Malama. "Ki tsaya ki karɓi maganin. Bari in tafi da ita kafin ta fara rigima."

Bas ɗin a cike yake. Wani saurayi ya tashi ya ba Mama wuri, wata mai kwandon tumatir ta matsa, Yaya ta samu rabin kujera. Suna barin tasha suka faɗa cunkoso. Zafi ya sauko daga rufin mota, direba ya kashe inji, wani jariri ya fara kuka a baya.

Mama ta haɗa hannuwanta a cinya, ta rufe ido.

"Ubangiji," ta ce da ƙarfi, da muryar da ta shugabanci mata shekaru da yawa, "kana nan kuwa?"

"Mama," Yaya ta taɓa ta.

"Na gaji. Ka ji ko? Na ce na gaji. Na share maka ɗaki, na dafa wa baƙinka, na binne 'ya'ya ban buɗe baki ba. Mutumin nan ya fasa mini haƙori kana kallo. Kana kallo! Na yi maka shiru, kai ma ka yi mini shiru. To yau ba zan yi ba."

Motar ta yi tsit, har jaririn. Kwandasta da ke rataye a ƙofa ya leƙo.

"Mama, a haɗa da ni a ciki, ni ma tun asuba nake tsaye."

Wasu suka yi dariya. Wata mata mai farar jaka ta taɓe baki, ta ce a riƙa tsoron Allah dai. Mai tumatir ta juya ta ce mata, "Ai da shi take magana, ba da ke ba."

Yaya ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. "Mama, don Allah. Mutane."

"Mutane, mutane." Mama ta buɗe ido ta harare ta. "Mutane ne suka cinye ni ɗanya. Ke kuma mai aiki, wa ya sa bakinki?"

Ta sake rufe ido ta ci gaba. Ta ambaci ɗan da zazzaɓi ya ɗauke mata, da sunan wasan da Yaya ta manta ana kiransa. Ta tambayi inda Allah yake a ranar. Ta tambaya sau biyu, ta dakata kamar mai jiran amsa. Hawaye suna bin kwarin fuskarta, ba ta share ba. Yaya ba ta taɓa ganin hawayen uwarta ba sai a wannan motar, tsakanin kwandon tumatir da gwiwar baƙo.

Can sai muryar ta sauka. Mama ta yi ajiyar zuciya mai tsawo.

"Shi ke nan," ta ce. "Na faɗa maka. Cikin sunan Yesu, amin."

"Amin," in ji mai tumatir, da kwandasta, da wani daga baya.

Mama ta kwantar da kanta a kafaɗar Yaya. Fuskarta ta saki, kamar ta yaron da aka yi wa wanka. Kafin direba ya tayar da inji ta yi barci.

Yaya ta zauna ba motsi. Tana jira ta ji tsoro, irin wanda aka raine ta da shi, cewa wanda ya ɗaga wa Allah murya ya jawo wa kansa. Ba ta ji ba. Abin da ta ji ya fi kama da kishi. Ciwon ya kwashe wa Mama sanin 'ya'yanta, ya kwashe hanyar gida, ya kwashe haƙurin da aka san ta da shi, amma bai kwashe wanda take magana da shi ba. Ita kuwa da hankalinta cif, ta daɗe ba ta gaya masa komai ba.

Ba a tashar gida ta sauka ba. Ta buga jikin mota a mahaɗar da ke gaban layin masu walda.

Auta, ƙaninta, yana durƙushe a kan wata ƙofar ƙarfe, tartsatsi na tashi. Su biyu suka rage a 'ya'yan Mama. Da ya gan su ya kashe wuta, ya ɗage baƙin gilashin da ke fuskarsa.

"A'a, manyan baƙi! Yaya, lafiya? Ya asibitin?"

"Likita ta ce kada a bar ta ita kaɗai."

"Kai, Allah ya sauwaƙe. Ai kina ƙoƙari, Yaya. Jiya ma nake cewa da iyalina, ba don ke ba da mun shiga uku. Ƙarshen wata zan aiko da shinkafa."

"Ba shinkafa na zo nema ba."

Ta shigar da Mama ɗan ofishinsa na bayan shago, inda akwai kujera mai laushi da fanka. Ta zaunar da ita, ta cire mata takalmi, ta ajiye gorar ruwa kusa da hannunta. Auta ya biyo ta yana goge hannu a wando.

"Me ke nan?"

"Yau a wurinka za ta yini."

"A nan? Yaya, ga aiki, ga wuta, ga ƙarafa. Kuma ai ke kika iya da ita. Ni ko magana ba na sanin wadda zan yi mata."

"Ni ma ba da iyawa aka haife ni ba."

"Ki bari in kira matata."

"Ba matarka ta haifa ba."

Bai taɓa jin ta yi masa magana haka ba. Ita ta goye shi, ita ta riƙa fita da shi waje tana yi masa wasa in Baba ya fara, don kada ya ji. Ya girma bai ji ba kuwa.

Mama ta farka sosai, ta kafa masa ido. Auta ya ɗebo Baba kamar an tsaga kara: goshin, faɗin kafaɗar, har tsayuwar.

"Au," ta ce, "ka dawo?"

Yaya ta ɗauki jakarta ta fita. Tana jin yana kira, ba ta juya ba. Ba ta tsaya ba sai da ta kai bakin titi.

Shago ya kamata ta nufa. Ta tsaya a inda ake shiga mota, motoci biyu suka wuce ta ba ta ɗaga hannu ba. Sai ta ga tana tafiya, ta bi ta bayan kasuwar katako, ta gaban makarantar yara, har ta iso cocinsu.

Ba kowa a ciki sai mai shara, wani dattijo kurma-kurma, yana goge tagogi. Ya ɗaga mata tsumma, ta ɗaga masa hannu. Ba ta je layin gaba ba, inda matan gidansu suka saba zama. Ta zauna a bencin ƙarshe, kusa da tsohon bango, inda duwatsun Tsohuwa suke leƙowa ta ƙarƙashin fenti. Wurin da sanyi. Ba ta taɓa shigowa nan ba tare da wani aiki a hannu ba: ko tsintsiya, ko tukunya, ko rigunan mawaƙa da ta goge.

Ta sunkuyar da kai.

"Uba, na gode," ta fara, sai ta tsaya.

Ta nemi abin da ke ƙarƙashin godiyar, kamar mai laluben allura a cikin tsumma. Ya daɗe a can, bai saba fitowa ba.

"Ba na so," ta ce a ƙarshe, da ƙaramar murya. "Ba na so yarinyar nan ta zama ni. Kuma ina jin haushi. Ban san ko na wa ba. Har da kai, ina ji."

Ta jira. Rufin bai faɗo ba. Mai shara ya ci gaba da goge taga, tsumma na ƙara a jikin gilashi. Ta so ta ƙara wani abu, amma idanunta suka yi nauyi, irin nauyin da ta saba korewa da ruwan sanyi. Wannan karon ba ta kore shi ba. Ta tura jakarta ƙarshen benci, ta ɗora kai, ta miƙe.

Wayarta ce ta tashe ta. Hasken tagogin ya koma ɗaya gefen, an kuma kunna fankar da ke saitin kanta. Mai shara yana can gaba yana jera kujerun mawaƙa, bai dubi inda take ba.

Auta ne.

"Yaya, kina ina? Tun ɗazu nake kira." Muryarsa ta dushe. "Ta ƙi cin komai. Ta ɗauka ni ne Baba. Tana ta faɗa mini maganganu a gaban abokan aiki, sai da na rufe ƙofa. Wai na jefe ta da fitila tana da cikina. Yaya... da gaske ne?"

"Da gaske ne."

"Baba fa? Baban da ake..." Ya kasa ƙarasawa. "Me ya sa ba wanda ya taɓa gaya mini?"

"A gidanmu ba a faɗa."

Ta ji numfashinsa a waya, da muryar Mama daga nesa tana ci gaba.

"Ki zo, don Allah. Ban san abin da zan yi ba."

Har ta miƙe. Jakar tana kafaɗa, ƙafa ɗaya ta sami takalmi. Jikinta ya saba, ba ya jiran shawara. Ta tsaya a haka, riƙe da bayan benci, sannan ta koma ta zauna.

"Ka jawo kujera ka zauna kusa da ita," ta ce. "Kada ka yi mata musu, kada ka ce ba kai ba ne. Ka bar ta ta gama. In ta gama ka jiƙa burodi a shayi, ka ba ta da cokali, kaɗan-kaɗan. Kada ya yi zafi."

"In ta ƙi fa?"

"Ka jira, ka sake gwadawa. Da yamma ka kawo ta gida da kanka, ka zo da matarka. Akwai maganar da za mu yi, mai tsawo ce."

Ta kashe kafin ya amsa, ta kira Malama. Hayaniyar tasha ta cika wayar.

"Yaya, na karɓi maganin, har da naki. Layin ne da tsawo. Ina hanya."

"Kada ki wuce gida. Ki biya kasuwa ki duba bokiti da zanen gado, da sauran abin da aka ce ku zo da su."

"Yaya, ai na ce miki..."

"Na ji abin da kika ce. Mako mai zuwa za ki tafi."

"To wa zai zauna da Kaka?"

Yaya ta buɗe baki za ta ce Allah zai yi. Zai yi ɗin, ta yarda. Amma ba amsar tambayar ba ce.

"Ban sani ba tukuna," ta ce. "Gaskiya ban sani ba, kuma ina jin tsoro. Amma ba ke ba ce."

Yaya ta ɗauka layin ya yanke, har ta duba fuskar wayar. Sai ta ji wani sauti ƙasa-ƙasa, a tsakanin hon na motoci da kiran kwandastoci. Yarinyar tana ƙoƙarin haɗiye shi, yana fin ƙarfinta.

"Yi haƙuri, Yaya," in ji Malama da ƙyar. "Ban san me ya same ni ba. Ina so in tafi. Tun da aka ɗauke ni nake so. Yanzu zan daina."

"Kada ki daina," in ji Yaya. Ta gyara zama, ta mayar da wayar ɗaya kunnen. "Nemi gefe ki tsaya, ki yi abinki. Ina jin ki."